Wa Ke Ɗaukar Nauyin Kiran? Nazari a Kan Sabon Iyalin Mishan a Baƙuwar Ƙasa

Duk wanda ya karanci tarihin ekklesiya a Arewacin Nijeriya ya haddace wani jeri na sunaye da shekaru: mishan ɗin SIM a Patigi a 1902, Karl Kumm a Wase a 1904, Likita Mila a birnin Zariya a 1905, Niels Bronnum a Numan a 1913, Stover Kulp da Albert Helser a Garkida a 1923. Jerin daidai yake, sai dai ya bar rabin labarin a waje. Bronnum bai baro ƙasar Danmak shi kaɗai ba. Da matarsa Margaret ya taso, tare da wata abokiyar aiki mai suna Dagmar Rose. Sun fara yada zango a Rumasha, a bakin kogin Binuwai, don su koyi harshe su san ƙasa. A nan Margaret ta haihu, a nan kuma ta rasu ba da jimawa ba. Dagmar Rose ta ɗauki jaririn ta koma da shi Turai, shi kuwa Bronnum ya ƙarasa Numan ba mata ba ɗa. A Garkida ma haka aka yi: Ruth Kulp ta biyo mijinta, ko shekara ba ta cika da isowa ba ta rasu a 1924 wajen haihuwa, jaririn ma bai zauna ba. Asibitin da aka gina a garin daga baya sunanta aka sa masa.

Abin da wannan nazari ke son nunawa shi ne, idan miji da mata masu ƙuruciya suka kwashi 'ya'yansu suka tafi wata ƙasa aikin bishara, sabo da ƙasar ba hanya ɗaya ba ce ga dukkan mutanen gidan. Miji na da tasa, mata na da tata, yaro na da tasa, kuma ba su cika isa a lokaci ɗaya ba. Kiran yakan zo wa mutum ɗaya ko biyu, amma nauyinsa yakan karkata gefe guda kamar mangalar da ba a daidaita ba, ya danne waɗanda aka fi ƙarancin jin ta bakinsu. Ba muhawarar addini ce a gabanmu ba. Mai karatu Musulmi ne ko Kirista, ya yarda da abin da 'yan mishan suka zo yi ko bai yarda ba, zai ga cewa batun na iyali ne, kuma yanzu ya shafi gidajen 'yan ƙasarmu da ake aikawa waje.

Yarda da harshe

Misalin da ya fi kowanne fito da matsalar fili shi ne na gidan William Carey, mai ɗinkin takalma ɗan ƙasar Ingila wanda ake kira uban aikin mishan na zamani. Shi ne ya tsaya tsayin daka har aka kafa ƙungiyar mishan ta Baftis a garin Kettering a 1792, ya kuma ba da kansa don zuwa Indiya. Matarsa Dorothy ta ƙi. Tana da tsohon ciki, tana da yara maza uku, ta riga ta binne 'ya'ya mata biyu, ba ta taɓa yin nisa da yankinsu ba, lokacin da aka ɗaura musu aure ma ko sunanta ba ta iya rubutawa. Sai da aka yi ta lallashi, abokin tafiyarsu Likita John Thomas ya matsa mata, sannan ta amince, bisa sharaɗin 'yar'uwarta Kitty za ta bi su. Suka shiga jirgin ruwa a watan Yuni na 1793 da jinjiri a hannu, suka isa Kalkata a watan Nuwamba.

Cikin 'yan watanni kuɗin guzurinsu ya ƙare. Suka yi ta sauya mazauni, atuni ya kama Dorothy, Kitty ta yi aure ta zauna a wani gari, Carey ya samu aikin kula da masana'antar shuni a Madnabati. A nan ɗansu Peter, mai shekara 5, ya rasu a 1794, da ƙyar ma aka samu masu haƙa kabarinsa. Daga nan hankalin Dorothy ya fara gushewa, bai kuma dawo ba har ta rasu a Serampore a 1807. A cikin waɗannan shekaru Carey ya fassara Sabon Alkawari zuwa harshen Bengali, aka buga a 1801, yaransa kuwa Hannah Marshman, matar abokin aikinsa, ita ta ja su a jiki ta ba su tarbiyya. Marubutan tarihin Carey na farko sun ɗauki Dorothy a matsayin jarrabawar da Allah ya ɗora wa bawansa. Sai a 1992 wani masanin halayyar ɗan Adam, James Beck, ya rubuta littafi a kanta ita kanta, ya tambayi abin da ya kamata a tambaya tun farko: me ya sa aka tafi da ita alhali ta ce ba ta so, kuma wa ya tsaya mata da ta isa?

A gefe guda ga Ann Judson, 'yar Amurka. Ita da mijinta Adoniram sun yi aure a watan Fabrairu na 1812, mako biyu bayan haka suka shiga jirgi, suka isa Rangun ta ƙasar Bama a 1813. Ita ta zaɓi tafiyar da kanta. Ta koyi harshen Bama, har ta riga mijinta iya hirar yau da kullum domin ita ce ke mu'amala da masu aikin gida da matan unguwa yayin da shi yake kan nahawu. Ta koyi harshen Siyam ta yi fassara da shi. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Ingila da Bama a 1824 aka ɗaure mijinta, ita ce ta yi ta zirga-zirga tsakanin kurkuku da gidajen manya, da ciki sannan da goyo, har ya fita da rai. Amma duk da haka ɗanta na fari bai zo da rai ba, na biyu ya rasu yana ɗan wata takwas, ita ta rasu a 1826, 'yarta ta bi ta a 1827.

Kwatanta matan nan biyu yana raba mana abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Cuta ba ta tambayar wanda ya yarda da wanda aka tilasta. Ta ɗauki 'ya'yan Ann kamar yadda ta ɗauki ɗan Dorothy. Amma ko mace za ta iya tsayawa da ƙafarta bayan musiba, wannan ya rataya sosai a kan yardarta da kuma ko tana da bakin da za ta yi magana da maƙwabta. Ann tana da waɗanda za ta kai wa kuka. Dorothy ba ta da kowa sai miji mai aiki dare da rana.

Ta fannin jiki, lamarin ya yi sauƙi a hankali. A 1854 William Baikie ya shiga kogin Kwara da Binuwai da jirgi, mutanensa suna shan kwinin kullum, ya fito bai rasa ko mutum ɗaya ba. A 1897 Ronald Ross ya gano ƙwayar zazzaɓi a cikin sauro. Gidan sauro da tafasa ruwan sha suka zama doka a gidajen mishan. Ƙungiyoyin suka kafa wurin hutu a Miango inda iska ke da sanyi, suka buɗe asibitoci a Vom da Jos inda matansu za su je haihuwa. Wasu kuma suka bi ta hanyar hana aure da wuri: mishan ɗin Hudson Taylor a ƙasar Sin ya shar'anta wa sababbin ma'aikata su jira shekara biyu, mishan ɗin Basel mai aiki a ƙasashen da yau ake kira Gana da Kamaru kuwa sai da izinin hukumarsa mutum zai yi aure, wani lokaci ma amaryar da bai taɓa gani ba ake turo masa. Waɗannan matakai sun rage kaburbura. Abin da ba su taɓa ba shi ne kaɗaici.

Gidan mishan da ƙofar cikin gida

A ƙasar Hausa an samu wani yanayi na daban. Bayan cin Sakkwato a 1903 Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa musu addini ba, saboda haka aka daɗe ana hana 'yan mishan zama a cikin biranen masarautu. Zaman Likita Mila a cikin birnin Zariya togaciya ce, shi ma daga baya aka mai da mishan ɗin Wusasa. Sai a shekarun 1930, ta hanyar aikin kula da kutare, ƙofa ta ɗan buɗu a lardunan Kano da Katsina da Sakkwato, sannan asibitin ido na Kano ya biyo baya a 1943. A Nijar, SIM ta fara da Damagaram a 1924, ta buɗe asibitin Galmi a 1950. Ga kuma dokar Turawan mulki da ta sa a bar fili mai faɗin yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don gudun sauro. Sakamakon duk wannan shi ne gidan mishan yakan kasance a bayan gari, da shinge, da nisa.

Mai gidan yana da dalilin fita kullum. Zai je kasuwa wa'azi, zai je shan magani, zai je gaida hakimi, zai zauna da malamin da ke koya masa Hausa. Kowace fita tana ƙara masa kalma da sanayya. Uwargida kuwa ranarta tana ƙarewa a kan tace ruwa, da wankin tsumman jariri, da duba ko kunama ta shiga takalmin yaro, da karantar da babban ɗa. Hausar da take ji ita ce ta kuku da boyi da mai reno: kawo, kai, wanke, bari. Da irin wannan Hausa ana iya tafiyar da gida shekara ashirin, amma ba a iya yin ta'aziyya da ita, ba a iya faɗa wa wata mace abin da ke ci maka rai. Hausawa na cewa baƙo makaho ne ko da idonsa. Makantar mai gida takan yaye cikin shekara biyu, ta uwargida kuwa tana iya zama har ranar komawa.

Abin lura shi ne, ita ce ke riƙe da ƙofar da mijinta ba shi da ita. A garin da ake kulle, namiji baƙo iyakarsa zaure. Mace kuwa sallama kawai za ta yi ta shige cikin gida. Barka, suna, biki, duba mara lafiya, zaman makoki, duk nan ne ake gane ko baƙo ya zama maƙwabci, kuma duk hanyarsu ta cikin gida take. Matar mishan da ta samu Hausa ta gaske, ta iya zama a tabarma ta ci tuwon suna, ta karɓi jariri ta yi masa addu'a, ita ce ke kafa wa gidan gindi a garin. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Wadda ta binne ɗa a baƙuwar ƙasa, idan matan unguwa suka shigo suka zauna da ita kwana uku, ta samu abin da wasiƙa daga gida, mai yin makonni a hanya, ba za ta ba ta ba. Don haka a ganina hukumar mishan da ta biya wa miji kuɗin koyon harshe ta bar mata da reno ba tattali ta yi ba, rabin aikinta ta rufe da hannunta.

A nan ya kamata a ambaci mutanen da tarihi ya fi zalunta, wato masu aikin gidan. Su ne malaman farko na iyalin. Kuku ne ya san wane nama za a saya da wane za a bari, mai reno ce ta goya yaron Bature a bayanta har ya fara magana da Hausa ko Bura ko Bacama kafin Turanci, su ne ke gaya wa uwargida cewa ba a miƙa abu da hagu, ba a wuce dattijo ba gaisuwa. Da yawa daga cikin Kiristocin farko na tashoshin mishan daga cikinsu suka fito. Rahotannin da ake aikawa Turai da Amurka sukan kawo sunan fari kawai, ko su ce "yaronmu". Iyalin da ya saba da ƙasa, wani ne ya sabar da shi.

A 1982 wasu ma'aurata malaman harshe, Tom da Betty Sue Brewster, sun ba da shawarar da ta yi tasiri ƙwarai a makarantun horar da 'yan mishan: sabon zuwa kada ya sauka a gidan 'yan'uwansa Turawa, ya wuce kai tsaye gidan 'yan ƙasa ya yi makonninsa na farko a can, domin wanda ka fara dogara da shi, shi kake shaƙuwa da shi. Akwai gaskiya babba a ciki. Amma shawarar ta fi dacewa da gwauro ko ma'aurata marasa goyo. Uwar da ke da jariri mai gudawa da ɗan shekara uku mai kukan dare ba za ta koyi harshe a ɗaki ɗaya cikin gidan mutane ba, sai dai ta karye. Irin wannan iyali yana buƙatar mai reno amintacce da awowi ƙididdigaggu da za a 'yantar da uwar a cikinsu don ta fita ta ji magana.

Abin da masana suka auna

Binciken zamani a kan sabo da baƙuwar al'ada ya fara ne a tsakiyar ƙarni na 20. A 1955 Sverre Lysgaard ya yi nazarin 'yan ƙasar Norwe da suka je karatu Amurka, ya ce hankalin baƙo yakan fara da ɗoki, ya faɗi ƙasa, sannan ya sake tashi. Kalervo Oberg ya fayyace matakan zuwa huɗu: ɗokin farko, ƙunci da jin haushin mutanen gari, farfaɗowa, sai sabo. Ya fara gabatar da wannan ne a 1954 a gaban ƙungiyar mata a birnin Riyo na Barazil, akasarinsu matan baƙin ma'aikata, sannan aka buga shi a 1960 a wata mujalla da 'yan mishan ke karantawa. Har yau da shi ake horar da masu shirin tafiya. Amma ba kowane bincike ne ya goyi bayansa ba. A 1998 Colleen Ward da abokan aikinta sun bi ɗaliban Japan a ƙasar New Zealand tsawon shekara, suka ga wahala ta fi tsanani ne tun a ranakun farko, ba wani ɗoki da ya riga ta.

Babban giɓin waɗannan ma'aunai, a wurin iyali, shi ne mutum ɗaya suke aunawa. A gida guda kuwa ana iya samun mai gida yana cikin murna domin ya yi wa'azinsa na farko da harshen gari, uwargida tana ƙasan rami domin wata shida ba ta yi hira da babba ba, yaro kuma ya koma fitsarin kwance domin ya rasa kakarsa. Kowa yana kallon ɗan'uwansa yana mamaki. Ga kuma wani nauyi da ɗan kasuwa ko jami'in jakadanci ba ya ɗauka: su waɗannan ekklesiya ce ta ɗora musu hannu ta sallame su, talakawa ne ke tara musu kuɗi, wasiƙar da za su aika gida kuma dole ta ƙarfafa masu bayarwa. Matar da ta ce ta gaji tana tsoron a ce bangaskiyarta ce ta yi rauni. Sai ta yi shiru, shirun kuma ya zama ciwo.

Yara

Nan ne lamarin ya fi zafi. Yaro bai ji kira ba, ba a tambaye shi ba, kuma shi ne ya fi kowa saurin sabo. Matsalar takan taso ne ranar da ya isa shiga makaranta. Mishan ɗin Basel ya kafa doka a 1853 cewa yaro na kai shekara shida a tura shi Turai, a rene shi a gidan yara na mishan. Wasu sai sun girma suke sake ganin iyayensu, wasu ba su sake gani ba. Hudson Taylor ya sassauta da ya buɗe makarantar kwana a Chefoo ta ƙasar Sin a 1881 don yara su zauna a ƙasa ɗaya da iyayensu, amma a Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Japan suka kwashe ɗaliban suka tsare su a sansani, nesa da iyayen, har 1945. A Nijeriya mishan ɗin 'Yan'uwa na su Kulp da Helser ya buɗe makarantar Hillcrest a Jos a 1942, SIM kuma ta buɗe Kent Academy a Miango a tsakiyar shekarun 1940. Daga tashoshi masu nisa a Nijeriya da Nijar ake kawo yara 'yan shekara shida, wasu a ƙaramin jirgin sama na mishan, su yi watanni ba su ga uwa ba.

Wadda ta fi kowa bayyana abin da ke cikin zuciyar irin wannan yaro haifaffiyar Kano ce. An haifi Ruth Van Reken a Kano a 1945, iyayenta ma'aikatan SIM ne, mahaifinta ma a Iran aka haife shi a gidan mishan. An kai ta makarantar kwana tana shekara shida. Ta girma, ta yi aure, ita da mijinta likita suka tafi aikin mishan a Laberiya. Sai da ta doshi shekara arba'in, tana fama da baƙin ciki da fushin da ta kasa gane tushensu, sannan ta zauna ta rubuta wasiƙun da yarinyar nan 'yar shekara shida ba ta iya aika wa iyayenta ba, aka buga su littafi a shekarun 1980. Ba ta zargi iyayenta da rashin ƙauna ba, ba ta kuma bar addininta ba. Abin da ta nuna ya fi haka zurfi: idan aka gaya wa yaro cewa saboda Allah aka rabu da shi, to an toshe masa hanyar kuka, domin kukansa zai zama kamar jayayya da Allah. Yaran sun koyi rubuta wa iyaye cewa komai lafiya, don kada su hana aikin Ubangiji.

Inda yara suka koyi shiru, mugu yakan samu wuri. A 1998 kwamitin binciken da ekklesiyar Christian and Missionary Alliance ta kafa ya tabbatar da cewa an yi shekaru ana cin zarafin yara a makarantarta ta kwana da ke Mamou a ƙasar Gini. Tsofaffin ɗaliban ne, bayan sun manyanta, suka matsa har aka yi binciken. Ba kowace makaranta ce haka ba, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka yi makarantun kwana na mishan suna tuna su da alheri. Amma tsarin da ya raba ƙaramin yaro da uwarsa, ya kuma hana shi ƙorafi, tsari ne mai haɗari ko da mutanen kirki ne ke riƙe da shi.

Tun a shekarun 1950 masaniyar zamantakewa Ruth Hill Useem, da ta yi nazarin iyalan Amurkawa a Indiya, ta lura cewa 'ya'yansu ba su zama Indiyawa ba, ba su kuma zama cikakkun Amurkawa ba, sun tashi a wata al'ada ta uku. A 1999 David Pollock da ita Van Reken suka faɗaɗa wannan a littafin da ya zama abin dogaro a fagen. Ribar a bayyane take: harsuna, faɗin tunani, iya zama da kowa. Akwai 'ya'yan mishan da Hausarsu ba ta da lam'a, waɗanda suka dawo suka yi aikin likita da koyarwa a inda aka haife su. Hasarar kuwa a ɓoye take. Duk bayan 'yan shekaru iyaye za su ce za a tafi gida hutu, alhali a wurin yaron gida shi ne inda ake barowa. Yana rabuwa da aboki, da mai renonsa, da karensa, da bishiyar da yake hawa, ba wanda ya kira wannan rashi balle a yi masa jaje.

Da akalar ta juyo

Yau Nijeriya tana cikin ƙasashen da ke aika masu bishara. Ƙungiyar EMS ta ekklesiyar ECWA ta samo asali tun 1948, ƙungiyar CAPRO ta fara a Zariya a 1975, ga sauran ekklesiyoyi da ke tura ma'aurata zuwa Nijar da Cadi da Kamaru da Sudan, har Turai. A tsakiyar shekarun 1990 hukumar mishan ta haɗaɗɗiyar ƙungiyar Kiristocin bishara ta duniya ta yi bincike a ƙasashe 14, har da Nijeriya da Gana, aka buga sakamakon a 1997. An gano cewa kusan mutum ɗaya cikin 20 na barin aiki kowace shekara, kuma kimanin kashi 71 cikin ɗari na masu barin, dalilansu abubuwa ne da za a iya magancewa. A tsofaffin ƙasashe masu aikawa, batun yara yana sahun gaba cikin dalilan. A sababbi irin namu, rashin tallafi daga gida ne ya yi fice.

Iyalin da ya tashi daga Filato ko Kaduna ko Adamawa zuwa ƙauyen Nijar ko Cadi yana da sauƙin da Bature bai samu ba. Jikinsa ya san zazzaɓi, cikinsa ya san tuwo, wataƙila ma da Hausa zai yi aiki. Amma wannan kamanni yana ruɗin masu aikawa har su ɗauka babu wani sabo da za a yi. Makarantar gari da Faransanci take karantarwa, yaron da ya yi ta zai sha wuya ranar da ya dawo neman jarrabawar Nijeriya. Tallafin da naira ake tara shi, da sefa ake kashe shi, duk faɗuwar naira ragin abinci ne a gidan. Dangi a gida ba su daina sa ran taimako ba. Matar da take da aikin koyarwa ko sana'arta ta bar su. Ranar da ta haihu babu uwa ko gwaggo da za ta zo ta yi mata wankan jego ta karɓi jariri ta bar ta ta yi barci, alhali a al'adarmu wannan ba alfarma ba ce, da shi mai jego ke tashi. Ga tsaro: a watan Janairu na 2015 an ƙone majami'u da dama a Damagaram da Yamai cikin kwana biyu, kuma yaran da suka ga irin wannan ba sa mantawa don an ce musu ya wuce.

Abin da ya fi damuna shi ne makarantar kwana ta Turawa ta dawo mana da wata riga. Mu muna da riƙo. Ba abin kunya ba ne a bar yaro wurin kawu ko inna don ya yi karatu, saboda haka mai bishara zai bar 'ya'yansa biyu a Jos ko Gombe ya tsallaka iyaka, kowa ya ga daidai ne. Riƙo yana da albarkarsa, ya raya marayu ya ƙulla zumunci. Amma da yake al'ada ta amince da shi, babu mai tambayar yaron yadda yake ji, kuma shi ma an gaya masa saboda aikin Allah ne.

Ina kira ga hukumomin mishan da dattawan ekklesiyoyi masu aikawa: kafin ku ɗora wa ma'aurata hannu, ku zauna da matar ita kaɗai, mata dattawa su tambaye ta ko ta yarda, idan ta ce a'a a karɓa ba tare da an ɗauke ta mai ƙaramar bangaskiya ba. Ku sa kuɗin koyon harshenta da na karatun yaran a cikin kasafi tun kafin tafiya. Ku tura mai ziyara aƙalla sau ɗaya a shekara, wanda zai ga uwargida da yara, ba rahoton baftisma kaɗai ba. Idan ekklesiya ba za ta iya ɗaukar wannan ba, to ta dakata da aika iyali har sai ta iya.